Yarona ɗan shekara 7 ya nace sai zari-ruga, in kai shi?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman shawara daga waɗanda suka riga mu zama a Ingila, musamman masu yara 'yan firamare.

A Leicester muke. Ƙaramin ɗana Sadiq ya cika shekara 7 a watan Maris, bana ya shiga aji uku. Tunda aka koma makaranta ya tasa ni a gaba, shi dai sai an kai shi wasan zari-ruga. Akwai abokinsa na aji da yake zuwa wani kulob a bayan unguwarmu duk safiyar Lahadi, har uwar yaron ta tare ni a bakin get ta ce in kawo shi ya gwada, ba sai na biya komai ba da farko. Na ce mata sai na yi shawara da babansa.

Ni dai iyakar abin da na sani a wasan nan shi ne wanda nake gani a talabijin: ƙarti majiya ƙarfi suna gwara jiki, a ɗauki mutum a maka da ƙasa, wani ya tashi jini na zuba a goshi. Sadiq kuwa ɗan firit ne, ko a ajinsu yana cikin ƙanana. Babansa ya ce a mayar da shi ƙwallon ƙafa kowa ya huta, amma bara da aka kai shi can yawanci a benci yake ƙarewa yana rawar ɗari, ya dawo gida rai a ɓace. Da na gaya wa Hajiyarmu a waya cewa ta yi kada mu kuskura mu kai mata jika inda za a karya shi.

To ina son in ji daga wanda ya sani. Da gaske yara ƙanana ma kayar da juna suke yi? Me ake saya, kuma nawa ake kashewa? Sannan an ce mini a irin waɗannan kulob ɗin akwai wurin sayar da giya a ciki, wannan ma ya tsaya mini a rai. Na gode.

Baban Mubarak:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ni ma a yankinku nake, wajen Northampton, kuma yarana biyu duk ta nan suka bi. Babban, Mubarak, yanzu yana rukunin 'yan ƙasa da shekara 14, ni kuma ina cikin iyayen da suke taya koci a rukunin ƙanana, don haka bari in faɗa miki abin da idona yake gani duk Lahadi.

Da farko ki kwantar da hankalinki a kan bana. Hukumar zari-ruga ta Ingila, RFU, ta tsara wasan yara hawa-hawa, kuma da shekarun yaro na daren 31 ga Agusta ake lissafi, daidai da ajin makaranta. Sadiq yana aji uku, ke nan 'yan ƙasa da 8 zai shiga. A wannan rukunin ba a kayar da kowa, doka ce ta hana. Bel ake ɗaura wa yaro a ƙugu, da ƙyalle biyu masu mannewa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In ya ɗauki ƙwallo ya ruga, abokin hamayya ƙyallen zai bi ya fizge, ya ɗaga sama ya yi ihu. Shi kuma mai ƙwallon dole nan take ya miƙa wa ɗan'uwansa. Wanda ya fizge ba zai koma wasa ba sai ya mayar wa mai ƙyalle abinsa hannu da hannu, ba a yarda ya jefar a ƙasa ba. Shida-shida ake yi, a ɗan ƙaramin fili, minti 10 a juya. Ya fi kama da guje-gujen da muke yi a dandali muna yara fiye da abin da kike gani a talabijin. Kuma a wannan matakin ƙaramin jiki riba ne, domin irin su Sadiq ne suke sulalewa ta tsakanin manya kafin a kai hannu ƙugunsu.

Baɗi ne maganar take canzawa, kuma ba zan ɓoye miki ba. A 'yan ƙasa da 9 ake fara koyar da kayarwa. Amma ita kaɗai ake ƙarawa a shekarar. Turereniyar nan da kike gani an haɗa kawuna an duƙa, sai a 'yan ƙasa da 10 take shigowa, ita ma mutum uku-uku ne kuma ba a tura juna. Bugun ƙwallo da ƙafa sai 'yan ƙasa da 11. Ba a kai wa cikakken wasan mutum 15 sai a rukunin da Mubarak yake yanzu. Kin ga kenan kina da kaka guda cur da za ki tsaya ki kalli mutanen kulob ɗin kafin ki yanke hukuncin ko za ki ba su amanar jikin ɗanki.

Wannan kallon shi ne abin da na fi so ki ɗauka daga maganata. Dokar ɗaya ce a ko'ina, amma kulob ya bambanta da kulob, koci ya bambanta da koci. In kin je, kada ki sauke shi ki juya, su ma a wannan shekarun suna son uba ko uwa su tsaya. Ki tsaya a bakin fili ki sa ido a kan yaron da ya fi kowa rauni a rukunin, wanda ƙwallo take suɓuce masa, ki ga yadda koci yake yi da shi. In yana kiransa da sunansa, yana sa a miƙa masa ƙwallo, yana durƙusawa ya yi masa bayani ido cikin ido, to kin samu wurin zama. In kuwa yara biyu ko uku masu gudu kaɗai ake yi wa kirari, iyaye suna ta daka tsawa daga gefe, ki nemi wani kulob, a Leicester ba za ki rasa ba, garin zari-ruga ne, ga babban kulob ɗin Leicester Tigers nan a filin Welford Road. Sannan ki leƙa filin 'yan ƙasa da 9 ko 10 da ke gefe, ki ga me ake yi in yaro ya bugu. Ki tambayi wane ne jami'in kula da kare yara na kulob ɗin, dole akwai shi, kuma duk mai koyar da yara sai an yi masa binciken DBS, wato a duba ko yana da tarihin aikata laifi.

Maganar benci da kika yi ta taɓa ni, don na san yadda yaro yake ji. Tun kakar 2019 RFU ta wajabta cewa duk yaron da aka zo da shi ranar wasa sai ya buga aƙalla rabin lokacin da aka yi. Haƙƙinsa ne, koci ba alfarma yake yi masa ba. In aka tauye kina da bakin magana.

Kaya ba su da yawa. Takalmi mai ƙusoshi a ƙasa, wanda ya yi ƙwallon ƙafa da shi ma zai iya yi in bai matse shi ba, sai dai ki nuna wa koci ya duba ƙusoshin, kada a samu mai kaifi. Yawancin kulob suna da akwatin tsofaffin takalma da yara suka girme su, ki duba can kafin ki je kanti, ba abin kunya ba ne, kowa a nan yake ɗauka. Sai robar kare haƙori. Ki sayi mai araha, wadda ake tsomawa a ruwan zafi yaro ya cije ta ta kama siffar bakinsa, tunda yana shekarun famfara, wadda ta zauna masa a Oktoba ba lalle ta zauna a Fabrairu ba. Kada ki sa masa riga mai zif ko mai hula a baya. Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne rigar ciki mai riƙe ɗumi da dogon wando mai kama jiki, domin kakar daga Satumba take farawa har ƙarshen Afrilu, duk hunturu ana fili. Yawancin yaran da na ga sun gudu daga wasan nan sanyi ne ya kore su. Yaro ya jiƙe, yatsunsa su ƙandare, ƙwallo ta buge su, sai kuka. Ki riƙa zuwa da fulas na shayi, da tawul, da kayan canji, da baƙar ledar shara da za ki shimfiɗa a kujerar mota, don taɓon wurin ba a magana.

Kuɗin rajista mu a wurinmu bai kai fam 100 a shekara ba, kuma ana iya biya kaɗan-kaɗan. Ki tambaya a naku, in da matsi ki faɗa musu a ɓoye, ban taɓa ganin an kori yaro don kuɗi ba.

Anti Nas:

Maman Ilham sannu da ƙoƙari. Duk abin da Baban Mubarak ya faɗa a kan bana haka yake, amma ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan so ki shiga da ido ɗaya a rufe ba.

Karaya da targaɗe suna warkewa. Abin da nake tsoro shi ne buguwar kai, wadda ƙwaƙwalwa take girgiza a cikin ƙoƙon kai. Ba sai yaro ya suma ba, yawanci ma ba a suma. Kuma wannan ba tsoron mu baƙi ba ne kawai. A 2016 likitoci da masana fiye da 70 suka rubuta wa gwamnati buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a hana kayarwa a wasan makarantu. A ƙarshen 2020 Steve Thompson, wanda yana cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin duniya a 2003, ya fito ya ce an gano yana da ciwon mantuwa tun bai tsufa ba, har ba ya iya tuna wasannin gasar da ya ci. Na san shi ƙwararre ne da ya shekara da shekaru yana karo da ƙarti, ba a haɗa shi da yaro mai wasan safiyar Lahadi ba. Duk da haka irin wannan ne ya sa daga Yulin 2023 aka sauke inda aka yarda a kama mutum zuwa ƙasa da ƙashin ƙirji a duk wasan da ba na ƙwararru ba a Ingila.

Abin da za ki riƙe shi ne ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2023 ga duk wasannin unguwa. In ana zargin yaro ya bugu a kai, fitar da shi ake yi nan take, ba ya komawa a ranar ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. A kira 111, layin neman shawarar lafiya, cikin awa 24. Ba zai koma atisayen da ake haɗa jiki ba sai ya yi kwana 14 babu wata alama, kuma ba zai buga wasa ba kafin kwana 21. In kin ga amai a kai a kai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko magana ta harɗe, wannan sai a kira 999, lambar agajin gaggawa, ko a tafi asibitin gaggawa, ba jira. RFU tana da ɗan kwas na kyauta a intanet mai suna Headcase, an yi wa iyaye nasu, ki zauna ki yi shi ke da babansa.

Kuma don Allah kada wani ya sayar miki da hular nan mai laushi da sunan tana hana wannan. Kunne take karewa da ƙujewar fata, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. Wani yaron ma in ya sa ta sai ya ƙara shiga da kai.

Ni nawa ɗan ya yi shekarun ƙyalle ya ji daɗinsu ƙwarai, da aka zo kayarwa muka zauna da mahaifinsa muka ga ba za mu iya ba, muka mayar da shi nau'in da taɓa mutum kawai ake yi. Ban ce kowa ya yi haka ba. Ina dai son ki san cewa shiga bana bai ɗaure ki da baɗi ba.

Malam Ɗan Zazzau:

Assalamu alaikum. Ni ban san wasan ba, don haka ba zan ce komai a kansa ba, amma akwai abin da ban ga an taɓo ba. Safiyar Lahadi ita ce lokacin Islamiyya a wurare da yawa a ƙasar nan. Ina koyarwa a ɗaya, kuma na sha ganin yaro yana tafiya daidai a haddarsa, sai a ce ya shiga wasa, ya fara zuwa mako ɗaya ya tsallake ɗaya, kafin shekara ya ɓace. Wata takwas ba wasa ba ne. Hajiya, in za ki kai shi, ki fara gyara maganar karatunsa tukuna, ko a mayar da shi Asabar ko yammacin ranakun mako, a tabbatar ya zauna, sannan a je fili. Motsa jiki abu ne mai kyau, yaranmu a nan suna buƙatarsa, ɗaki ya yi musu yawa. Amma maganar wurin giyar nan da kika yi ina son wanda ya sani ya amsa ta ɓaro-ɓaro.

Baban Mubarak:

Malam, Allah ya saka da alheri, gaskiya ka faɗa. Mu Asabar muka mayar da namu karatun, kuma sharaɗin da na kafa musu tun farko shi ne wanda bai je Asabar ba ba shi da Lahadi.

Maganar giya, e, akwai. Kusan duk kulob ɗin zari-ruga a Ingila yana da zauren da ake taruwa bayan wasa, kuma a cikinsa akwai kantar sayar da abin sha, da ita ma suke samun kuɗin gyaran fili. Da safe lokacin yara shayi da kofi aka fi saye, amma wajen azahar za ka ga iyaye da kofunansu. Babu wanda zai tilasta maka shiga. Ni in an tashi nakan bar yaran su karɓi abincinsu su ci da 'yan'uwansu a teburan waje, mu gaisa da mutane, mu kama hanya. Abincin ne ma ya fi buƙatar a yi magana, domin abin da aka saba ba yara bayan wasa shi ne burodi da tsiren bature, kuma galibi na alade ne. Na gaya wa matar da take kula da kicin tun ranar farko, ba ta ɓata rai ba, tun daga nan take ware wa yarana dankali ko taliya da cuku. Da Musulmi suka ƙaru a rukunin sai ta fara sayo na kaza na halal, tana soya shi a kasko daban. In azumi ya faɗo cikin kaka, kamar yadda yake yi a 'yan shekarun nan, nakan gaya wa kocin Mubarak tun da wuri, ya rage masa gudu.

Anti Nas, ban musa ko ɗaya ba, kuma na yi kwas ɗin. Na taɓa riƙe hannun yaro ɗan shekara 10 na fito da shi daga fili yana kuka, ubansa yana ce mini ai ba komai, a bar shi ya ƙarasa. Koci ya goya mini baya, yaron bai koma ba sai da kwanakinsa suka cika. Da kocin ya bi bayan uban a ranar, da na kwashe nawa yaran na bar musu kulob ɗin.

Abin da ya riƙe ni a wasan nan shi ne tarbiyyar da ke cikinsa. Yaro ba ya mayar wa alƙalin wasa magana. In an tashi, ƙungiya ɗaya takan yi layi biyu ta tafa wa abokan hamayya su wuce ta tsakiya, sannan su ma su yi musu haka, ko an ci ko ba a ci ba. Kuma in Sadiq yana neman wanda zai kalla, ga Maro Itoje, iyayensa 'yan Najeriya ne, a 2025 aka ba shi kyaftin ɗin Ingila, ya kuma jagoranci Lions, tawagar haɗaka ta Birtaniya da Ireland, zuwa Ostireliya. Ga Sonny Bill Williams na New Zealand, Musulmi, ya ɗauki kofin duniya a 2011 da 2015.

Ɗan Kurna:

Ina karanta ku daga Kano. Hajiya, ki gaya wa Hajiyarku wasan nan har a gida ana yin sa. Akwai kulob ɗin Barewa a nan Kano, sun daɗe suna koya wa yara, kuma ana bugawa a Kaduna da Zariya da Jos. Mu a busasshiyar ƙasa muke faɗuwa, gwiwa da gwiwar hannu duk tabo. Ku da kuke da ciyawa da koci mai takarda da mai ba da agajin gaggawa a bakin fili, ku gode wa Allah. A bar yaro ya gwada.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Mun je jiya ni da babansa, bayan mun yi magana da malaminsu an mayar da shi ajin Asabar.

Baban Mubarak, na yi yadda ka ce. Akwai wani yaro mai jiki a rukunin, ba ya iya gudu sosai, sau da yawa ƙwallo tana faɗuwa daga hannunsa. Kocin mace ce, ita ma uwar ɗaya daga cikin yaran, sai ta canza wasan ta ce ba a ƙirga ci sai ƙwallo ta bi ta hannun kowa. Da yaron ya kai ta bayan layi ya dangwara, duk suka rufe shi da murna. Sadiq ya fizge ƙyalle har ya manta ana mayarwa, ya ruga da shi wurina yana nuna mini, sai da ta kira shi ya koma ya miƙa wa mai shi. Na samu takalmi daidai ƙafarsa a akwatin nan. Babansa ya je ya tsaya a filin 'yan ƙasa da 9 ya daɗe yana kallo, ya dawo ya ce bana dai ya yarda, baɗi kuma sai mun sake zama. Anti Nas, mun buɗe kwas ɗin, za mu ƙarasa a daren yau in sha Allah.

Yanzu wata sabuwa ta taso. Yayarsa da ta raka mu ta ce ita ma tana so. Shekararta 10, tana aji shida, kuma tana sa hijabi. Ana karɓar mata? Tare da maza za ta yi?

Anti Nas:

Ana karɓa. Har zuwa 'yan ƙasa da 11 maza da mata tare suke yi, daga 'yan ƙasa da 12 ake raba su. Ita tana aji shida, ke nan bana ce shekarar ƙarshe ta haɗaka, kuma rukuninta akwai kayarwa, da yaran da suka riga ta koyo. Da ni ce, sai in tambayi kulob ɗin ko suna da rukunin mata zalla, in akwai ta riƙa zuwa atisayen gudu da miƙa ƙwallo bana, a koya mata faɗuwa da kamu a hankali, baɗi ta shiga cikin 'yan'uwanta mata. In babu, su da kansu za su nuna miki kulob na kusa da yake da shi, tunda mata sun ƙaru a wasan, balle bayan Ingila ta ci Kanada a wasan ƙarshe na kofin duniya na mata a Twickenham a Satumban 2025.

Hijabi ba matsala, dokar wasan ta yarda da shi, haka dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren. Ki saya mata irin na wasanni wanda ake zurawa, marar allura ko fil, ta cusa ƙasansa cikin riga don kada a ja. Ki nemo mata bidiyon Zainab Alema, iyayenta 'yan Gana ne, ta yi aikin jinya, da hijabinta ta buga wa kulob ɗin Richmond sannan ta zo Leicester Tigers ɗinku. Ki kuma tambaya tun yanzu ko ɗakin canza kaya na mata daban yake, in ba ki gamsu ba ta shirya daga gida ta dawo ta yi wanka a gida.